Jinjina ga Iyayen Ɗan Gata

Sannunku da ƙoƙari, Alhaji da Hajiya. Iyaye irinku sai an tona. Ɗanku ya ba talatin baya, ya gama bautar ƙasa tun tuni, amma har yau ba ku bari rana ta taɓa shi ba. Yana nan a ɗakin soro cikin rufin asiri. Sai hantsi ya dubi ludayi zai tashi, ya tarar da koko da ƙosai a rufe, ya karɓi kuɗin data, ya karkata hula, sai majalisa. Madalla da wannan tarbiyya!

Kun kyauta da kuka hana shi zuwa Kantin Kwari. Ina mai digiri ina ɗaukar dilar atamfa? Wannan ai aikin marasa gata ne, masu share shago da sassafe, su koyi ciniki da rubuta bashi, in shekaru sun tura ubangida ya sallame su da jari. Haka ma ranar da kawunsa ya ce a kai shi Farm Centre ya koyi gyaran waya, Hajiya ta yi daidai da ta ce ɗanta ya fi ƙarfin zama a kan benci. Gara ya jira aikin gwamnati. Shekara nawa ne? Ai mai haƙuri yakan dafa dutse.

Sai kuma jarumtarku wajen ɓoye masa halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cefane ya yi tashin gwauron zabi, amma bawan Allah bai san kuɗin kwanon shinkafa ba. Alhaji ya bi layin fansho, ya dawo da gumi, ya zuba masa mai a babur. Hajiya ta kwashi adashi ta canja masa waya. Wace soyayya ta kai wannan?

Don Allah kada ku saurari masu cewa a zaunar da shi a yanka masa wa'adi, a ɗora masa kuɗin wuta duk wata, a riƙa rage kuɗin aljihu sannu a hankali, ko a ba shi ɗan jari a rubuce a matsayin rance, ya riƙa kawo lissafi. Masu cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, hassada ce ke cin su. Ku nema masa mata, ku yi lefe, ku ƙara musu ɗaki, ku ciyar da jikoki.

Ai ku ba za ku tsufa ba, ƙarfinku kuma ba zai ƙare ba. Ko da ta Allah ta kasance, kun bar masa gado. Ya sayar da rabonsa, ya ci shekara biyu yana fantamawa, daga nan ya riƙa sammako ƙofar gidan ɗaya daga cikin yaran shagon nan marasa gata, yana jira ya fito ya gaishe shi.