Annobar Sha'irci a Ƙasar Maraɗi

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da hukumomin Yamai suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki, wata irin annoba ta sauka a jihar Maraɗi, wadda ba ta kwantar da mutum, ba ta hana shi cin tuwo, illa iyaka ta sa ya wayi gari yana kiran kansa sha'iri. Daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, daga Sae Sabuwa zuwa Agye da Gazawa, da wuya ka zauna a fadar samari a sha shayi na fari da na biyu ba tare da wani ya zaro takarda daga aljihu ya gyara murya ba. Kuma mutumin da shekaran jiya yake jin kunyar a ji Hausa a bakinsa a gaban mushe, wato malamin lakwal, yau shi ne ke rantsuwa da Allah cewa fasaha gadonsa ce ta wajen uwa da ta wajen uba.

To, da yake mu mutane ne masu son tsari, ba a fara da waƙa ba, an fara da ƙungiya. Kafin a tsara baiti ɗaya, la budda sai an zaɓi shugaba, da mataimakinsa na ɗaya da na biyu, da magatakarda, da ma'aji wanda zai riƙe asusun da babu ko dala a cikinsa, da mai binciken kuɗi wanda zai binciki ma'ajin, da jami'in hulɗa da ƙasashen waje, wanda hujjar naɗa shi ita ce ya taɓa ƙetare Ɗan Isa ya kwana a Jibiya. Daga nan sai a nemi wani Alhaji mai fataucin aya ko gujiya a naɗa shi uban ƙungiya, alhali bawan Allah bai san bambancin ɗango da baiti ba, kuma bai yi da'awar ya sani ba, wanda wannan kaɗai ya sa ya fi sauran gaskiya. Wanda ya rasa muƙami kuwa ba ya yin fushi ya tafi gida. Sai ya ja mutum uku su kafa tasu, su ƙara mata kalmar "ta asali". Masu wannan aiki sukan kafa hujja da Kano, su ce ai Alhaji Mudi Sipikin ya yi Hikima Kulob, Alhaji Aƙilu Aliyu ya shugabanci Hausa Fasaha. Gaskiya ne, amma waɗancan bayin Allah sun tara waƙoƙi ne har suka rasa inda za su zuba su, sa'an nan suka nemi ƙungiya.

Ranar taro kuwa tana da nata farillai da sunnoni. An ce bayan La'asar, amma duk mai mutunci ya san zuwa kan lokaci alama ce ta rashin abin yi, saboda haka sai rana ta yi ja manya ke isowa, kowa yana leƙen kujerar gaba da wutsiyar ido yana cewa shi tabarma ma ta ishe shi. Mai gabatarwa zai gai da shugaba, da mataimaka, da uban ƙungiya da bai zo ba, da wakilin uban ƙungiya da ya zo ya fita, ya kuma roƙi gafarar wanda bai ji sunansa ba, wanda shi kuma ba zai gafarta ba har abada. Idan Allah ya sa an kai ga waƙa, sai sha'iri na farko ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ƴan baitoci ne kaɗan," ya buɗe littafin lakwal mai ganye ɗari. Kuma kafin ya gama yabon buɗewa ya shiga abin da ya kawo shi, ladan ya kira Magariba, sauran sha'irai sun tashi da takardunsu a aljihu da haushinsu a zuci, domin babu wanda ya zo saurare, kowa ya zo ne jiran layi.

Malamai sun gaya mana cewa Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, shi ya fitar da ilmin aruli, ya ƙididdige ma'aunan waƙa goma sha biyar, almajiri Ahfashu ya ƙara ɗaya, kuma a kan irin su Kamil da Mutaƙarab da Basiɗ magabatanmu suka ɗora waƙoƙinsu na ajami. Sha'irinmu na yau ya gano na goma sha bakwai, wanda ƙa'idarsa ita ce ɗango ya tsaya inda numfashi ya ƙare. Ƙafiya kuwa ya same ta a araha, gama ya lura Hausa cike take da kalmomin da ke ƙarewa da "wa", don haka in ma'ana ta ƙare masa sai ya shiga jera Gobirawa da Katsinawa da Adarawa da Kabawa, ko da waƙar a kan tsadar taki take. Kuma ba mai ce masa kanzil. Gyara a wurinmu gaba ce. Wanda ya ce maka ɗangonka ya karye, kamar ya ce kakanka bawa ne. Sai dai kowa ya girgiza kai ya ce, "Ma sha Allahu, Malam, Allah ya ƙara basira," a ce amin, a watse.

Amma inda halinmu ke fitowa sarari shi ne ranar da labarin wata dama ya iso. Idan gasa ce, wanda ya fara ji yakan riƙe sirrin da amanar da bai taɓa riƙe bashi da ita ba, sai kwana ɗaya bayan an rufe karɓa ya tare ka a kasuwa yana salati, yana cewa, "Ashe ba ka ji ba? Wallahi na yi ta neman lambarka." Idan kuwa bita ce da wata ƙungiyar agaji ta kira a Maraɗi, mai kuɗin mota da kuɗin zama jikka kaza a yini, to a nan ne za ka ga ilhama tana sauka kamar ruwan Agusta. Mutumin da ya yi shekara yana cewa waƙa ba ta zuwa sai da wahayi, a dare ɗaya zai tsara ƙwar biyar a kan gidan sauro. In wata mai zuwa aka ce wanke hannu ake so, ya cire sauro ya sa sabulu, sauran baitocin su zauna daram. Har an ji mai tambaya, game da gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, wadda ta mata ce zalla kuma ta gajerun labarai, ko ya halatta miji ya shiga da sunan maiɗakinsa, tun da dai shi ke ciyar da ita.

Ni ban ga laifin neman abinci da harshe ba. Maroƙin da ke bin ƴan kokowa, da makaɗin da ke shirin gasar Ɗan Gurmu a Tawa, ba su taɓa ɓoye cewa suna son a ba su ba, kuma suna yin aikin da ya cancanci a ba su. Abin da ke ba ni dariya shi ne mai rawanin sha'irci da ke raina maroƙi, alhali shi ma roƙon yake yi, sai dai nasa da hatimi da sa hannun magatakarda. Ka tambaye shi diwaninsa, ya ce kuɗin ɗab'i ne babu. Amma kuɗin anko na bikin cika shekara, da na hoton shugabanni, da na sukari da ganyen shayi, waɗannan ba su taɓa gagara ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ba shi da kujera a teburin kowa, ga Imfiraji nan har yau ana rera ta a kasuwanni da tashoshin mota. Malam Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958, ɗalibai na nan suna ta fama da baitocinsa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu, na asali da waɗanda ba na asali ba, da su sa doka ɗaya a taro mai zuwa: kowane mai muƙami ya zo da baiti goma nasa na kansa, a auna su a gaban jama'a, wanda nasa suka karye ya sauka tabarma ya riƙa hura wutar shayi. Kujerun da za su rage a mayar wa mai haya, a karɓo kuɗin a sayi takarda.