Ire-iren Masu Ƙera Jirgin Ruwa a Gida

Masu ƙera ƙaramin jirgin ruwa, musamman daga Yawuri da Wara zuwa Malale a bakin tafkin Kainji, sun kasu gida-gida. Ba da katako ake rarrabe su ba, domin kusan kowa maɗaci yake so, in ya rasa ya koma kan abin da ya samu. Ana gane su ne da amsar da kowa yake ba tambayoyi biyu: wace siffa za a yi wa jirgi, kuma me zai tura shi.

Mafi daɗewa a sana'ar shi ne masassaƙi. Gungume ɗaya yake fafewa da gizago har ya zama kwale-kwale, kuma a wurinsa duk jirgin da aka buga wa ƙusa akwati ne kawai da aka jefa a ruwa. Kwale-kwalensa siriri ne, cikinsa a zagaye, yana tsaga ruwa da ɗan tuƙi kaɗan, amma atishawar fasinja ta isa ta karkata shi. Idan ya kife, masassaƙi yakan ce mutanen yanzu ne ba su iya zama ba. Babbar matsalarsa itace: manyan bishiyoyi sun yi wuya, don haka yakan fi daɗewa yana ba da labarin maɗacin da ya taɓa sarewa fiye da yin sassaƙar kanta.

Sai kafinta mai katako, wanda yanzu shi ne ya fi yawa. Yana da tef na awo a aljihu, amma da taki da kamu yake aiki. Gindin jirginsa a shimfiɗe yake, abin da ke sa ya ɗauki kaya da yawa, ya kuma shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, sai dai in igiya ta taso yakan riƙa dukan ruwa har haƙora su haɗu. Tsakanin katako da katako yana cusa tsumma ko auduga, ya shafe da kwalta. Ranar da aka saka jirgi a ruwa, ba makawa ya yi yoyo, kafinta kuma ya ce a ƙyale shi, katako zai sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa. Wannan magana gaskiya ce ta kwana biyu ko uku. Shi dai bayan shekara ma ita yake maimaitawa, shi ya sa kowane jirgi nasa yake zuwa da yaro da yankakkiyar jarka.

Mai inji ya cancanci dogon bayani. Alamarsa ta farko ita ce yana sayen inji kafin ya sayi katako, ya jingine shi a ɗaki ya lulluɓe da bargo. Hirarsa duk ta doki ce: Yamaha mai doki 15 na yara ne, mai 40 na masu lallaɓawa, shi mai 75 yake nema. Abin da bai yarda da shi ba shi ne, jirgin katako mai nauyi ture ruwa yake yi, ba ya tashi ya bi ta samansa, kuma tsawon jikinsa ne yake yanke iyakar gudunsa. Da zarar an kai wannan iyaka, ƙarin ƙarfi ba ya haifar da komai sai gindi ya nutse, hanci ya ɗaga sama, a tayar da igiyar da za ta jiƙa masu wanki a bakin gaɓa, fetur kuma ya ƙone. Yakan kuma manta cewa inji yana buƙatar katako mai kauri a baya wanda za a ɗaure shi, ga haɗa fetur da baƙin mai daidai gwargwado. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kuma kututturan bishiyoyin suna nan a ƙasa. Mai inji ya fi kowa sanin inda suke, domin da farfelarsa ya gano su ɗaya bayan ɗaya.

Yana da ƙane, mai son araha, wanda ya ga hoton jiragen Tailan masu doguwar sanda da farfela a ƙarshe, ya ciro injin markaɗen matarsa ya kai wa mai walda. Jirgin yakan tafi, unguwa kuma ta kwana ba miya.

Kishiyarsu shi ne mai tuƙi da hannu. Yana da filafili, yana da doguwar gwangwala ta dogara ƙasa, in iska ta yi daɗi kuma ya ɗinke buhunan taki ya ɗaga a kan sanda. Gwangwala ba ta aiki sai inda ake taɓa ƙasa, buhu kuma ba ya kai mutum sai inda iska ta nufa, tunda jirgin ba shi da abin da zai riƙe ruwa a ƙarƙashi ya hana shi zamewa gefe. Shekara da shekaru ana yi masa dariya. Daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, an fara gaishe shi da girmamawa, wani lokaci ma shi yake jawo mai doki 75 zuwa gaɓa.

Akwai kuma ma'aikaci mai ritaya, mazaunin birni, wanda ruwa mafi kusa da shi na rijiya ne. Ya koyi aikin a YouTube, ya sayi falawud da gam, ya ƙera jirgi mai kyan gaske a tsakar gida. Awonsa bai kuskure ko'ina ba, sai faɗin ƙofar zaure. Irin wannan jirgi yakan ƙare a matsayin wurin kwanan awaki.

Mai shawara bai taɓa riƙe guduma ba, bai kuma iya iyo ba. Yana zaune a inuwa, ya ce hancin ya yi tsini, in an rage ya ce da ma an bar shi.

Na ƙarshe shi ne mai ba da aiki, wanda kuɗin nasa ne. Ba ruwansa da siffa ko doki, tambayarsa ɗaya ce: buhu nawa zai ɗauka? Duk adadin da kafinta ya faɗa, yakan ƙara rabi a kai, sannan ya ɗora babura da fasinjoji. A kan wannan mutum raha takan tsaya. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya tarwatse kusa da Wara a Jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu, hukumomi kuma suka danganta abin da lodin da ya wuce kima. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja, amma har yau mai ba da aiki yana lissafa rigunan nan a matsayin wurin buhu biyu da ya yi asara.