Ranar da Ciyawa Ta Tashi Kasuwar Jalingo

Duk wanda ya san Kasuwar Jalingo ya san cewa tsakanin azahar da la'asar, musamman a watannin Maris da Afrilu, ciniki suma yake yi. Rana ta bugi kwano, kwano ya sauke wa na ƙasa, mai saye ya laɓe a gida. A da, lokacin dara ne da ludo da gardamar siyasa. Yanzu kuwa ka bi ta layin 'yan waya, za ka tarar da samari jere a benci, kowa ya kwantar da wayarsa a kaikaice, manyan yatsu na rawa, babu mai amsa sallama. Ni mai yadi ne, shadda da atamfa da leshi, na kuma kai shekarun da yara ke rusuna min. Na daɗe ina yi wa waɗannan samari kallon marasa aikin yi, ina kuma gaya musu hakan ba tare da sun tambaya ba.

Ɗan yayata da ke taya ni tsaron shago ne ya jawo min. Wata rana cikinsa ya murɗa yana tsakiyar gem, ya cusa min waya a hannu ya ce, "Kawu, don Allah riƙe min. Kar ka taɓa komai, ka bar shi a cikin ɗakin nan." Ya zura da gudu. Na riƙe. Wani ɗan mutum ne a durƙushe a kusurwar ɗaki, waje kuma ana ta ɓarin wuta. A saman fuskar wayar akwai lamba da ke raguwa. Ko da yaron ya dawo, lambar ta sauko ƙasa da goma, mutumin nawa kuwa ko ƙwarzane babu.

"Kawu, ya aka yi ka kai nan?"

"Ban taɓa komai ba."

A nan na gane Allah ya yi min baiwa.

Sunan wasan Free Fire. Kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fitar da shi a 2017. Mutum hamsin ake ɗauka a jirgin sama, a watsa su a wani tsibiri, mafi shahara shi ne Bermuda, kowa ya sauka da lema hannu rabbana. Ka tsinci bindiga, ka tsinci sulke da magani, da'irar tsira kuma tana ta tsukewa, wanda ya tsaya a wajenta jininsa ya dinga zuba har ya faɗi. Cikin kamar minti goma an gama, wanda ya rage shi ke da "Booyah". Abin da ya sa ya kama kasuwarmu, ba ya raina waya. Tecno da Itel da Infinix ɗin da ke aljihun 'yan baro duk suna ɗaukarsa, alhali manyan wasanni irin su Genshin Impact sai waya mai faɗin ciki.

Amma harbin ba shi ne daɗin ba. Daɗin yana wurin haɗi. Kowane jarumi a wasan yana da laƙaninsa, kuma an yarda ka tara laƙani huɗu a jikin mutum ɗaya: ɗaya wanda sai ka danna yake tashi, uku masu aiki da kansu. Yadda ka zaɓi huɗun nan shi ne haɗinka, kuma a kansa ake raba gari a rumfar mai caji. Wani ya rantse da Alok, wanda aka ɗauko daga wani makaɗin Barazil mai wannan suna, saboda laƙaninsa na ƙara sauri da mayar da jini. Wani ya ce sai Chrono, da aka ƙera da siffar Cristiano Ronaldo a Disambar 2020, mai kafa garkuwa zagaye da kai. Masu goyon bayan Messi a layinmu sun haramta wa kansu Chrono tun ranar farko, kuma duk lokacin da kamfanin ya rage masa ƙarfi sai su yi ta murna kamar sun ci kofi. Ana ɗaukar hoton haɗi a tura wa juna ta WhatsApp, ana ɓoye wani kamar sirrin maganin gado.

Akwai wani ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba da ke gyaran waya ranakun Asabar, shi ne malamin majalisar. Ya ce wannan al'ada ta ƙera jarumi ta girmi wayar hannu, ta faro ne a Amurka a 1974 da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, da takarda da fensir da 'yan duwatsun jefawa. Ya ce World of Warcraft da ya fito a 2004 ya yaɗa rabon aiki uku a tawaga: mai tare duka, mai ba da magani, da mai kai farmaki. Na tambaye shi a cikin ukun wanne ne na mutumin da ke son komawa gida lafiya. Ya ce babu. Na ce to za a samu.

Kafin na zo kan haɗina, bari na sauke wani abu da ke cina. A wasan nan ana sayar da tufafi. Da kuɗi na gaske ake sayen dayamon, da dayamon ake saya wa jarumi riga da wando da hula. Rigar ba ta tare harsashi, ba ta tare sanyi, ba a taɓa ta, ba a kai ta wurin tela. Na ga yaron da wuyan rigarsa ya yage har kafaɗa, yana zaune taku goma daga shagona, ya kwashe kuɗin dakon yini guda ya saya wa ɗan mutumin cikin waya jaket mai walƙiya. Yadi huɗu na ce zan ba shi bashi, ya ce ba ya bukata. Tun ranar na yi alwashin ko sisi ba zan kashe a kan dayamon ba. Jarumaina duk da zinaren da wasan ke bayarwa na tara su, a hankali, irin tarin adashi.

Ga haɗin. Ɗan kasuwa ya san jari ake tsarewa kafin a nemi riba, jarin wasan nan kuwa rai ne. Don haka laƙanin dannawa na ɗauki na Wukong, wanda ke mayar da mutum ciyawa, dunƙulen ganye kore shar, na 'yan daƙiƙoƙi. Na ƙara na Kelly, 'yar tsere, don gudu. Na ƙara na Maxim, mai saurin cin naman kaza da shan magani. Na rufe da Ford, tsohon sojan ruwa da aka sani da juriya idan da'ira ta bar mutum a waje. Na raɗa masa suna Tsira da Mutunci. Tsarin aiki kuwa: in sauka can gefen tsibiri inda babu kowa, in laɓe, in ji taku in zama ciyawa, laƙani ya ƙare in ba ƙafa iska. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Samarin suka yi dariya, suka kira ni bot, wato wanda bai iya wasa ba. Sai dai wasan yana ba da maki a kan daɗewa da rai da matsayin da ka ƙare, ba a kan kisa kaɗai ba. Na tashi daga matakin Bronze, na wuce Silver, na shiga Gold, ban san yadda ake canza harsashi ba. Gwanayen harbin ka suna sauka a tsakiyar Clock Tower, wani wuri a tsibirin, su mutu cikin minti ɗaya, ni ina can bayan dutse ina auna wa mutane yadi da hannu ɗaya.

Da magana ta bazu sai dattawa suka fara zuwa a asirce. Telan da ke bayan shagona ya karɓi haɗin. Mai shayin bakin layi, wanda ba ya dafa kowane ganye sai na Mambila, ya karɓa. Muka kafa tawaga mu huɗu da ɗan yayata, wanda aka tilasta wa shiga don yana cin tuwon gidana. Ranar farko muka ji ƙarar mota muna tsakiyar kwalta, kowa ya danna laƙaninsa. Ciyawa huɗu a jere a kan titi, inda ko tsiro babu, suna tafiya a hankali. Direban ya tsaya, ina jin don ya tabbatar da abin da idonsa ke gani, sannan ya bi ta kanmu. Yaron ya ce matsalar ita ce ba ma jin taku da wuri, sai mun sayi iyafis.

Na saya. Babu wanda ya gaya min cewa mai iyafis a kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa.

Ranar wata Asabar ce ana saura kwanaki Sallah, kasuwa ta cika maƙil. Wata Hajiya ta zo haɗa lefe, ta sa an sauko mata da turamen atamfa tana ta jujjuyawa. Na san irinsu, sai ta yi rabin awa kafin ta taya. Na bar ta da zaɓe, na toshe kunnuwa. Tela na shagonsa, mai shayi na teburinsa, yaron na aike shi banki amma ashe ya maƙale a rumfar mai caji. Allah ya taimake mu muka kai da'irar ƙarshe, mu da tawaga ɗaya. Ban taɓa kusantar Booyah haka ba. Sai na hango su suna gangarowa.

"Ga su nan! Ga su nan! Su huɗu ne, duk da bindiga!"

Na ga Hajiya ta ɗago kai, na zaci farashi take tambaya, na ɗaga mata hannu alamar ta dakata.

"Sun zagayo ta baya! Sun harbi tela! Wayyo, tela ya faɗi! Kowa ya kwanta!"

Jalingo gari ne da ya ji ƙarar bam a Afrilun 2012, ya kuma ga wawason rumbunan abinci da dokar hana fita a Oktoban 2020. Mutanensa ba sa tsayawa neman ƙarin bayani. Aka harbe ni a wasan, na cire iyafis cikin takaici, sai na ji duniya ta kaure. Ƙofofin shaguna na ta bugawa, mata na salati, baro ya kife, doyar Zing na gangarawa a layi ita kaɗai. Hajiya babu ita, sai takalminta ƙafa ɗaya. Wani ɗan dako ya wuce ni a guje yana cewa, "'Yan bindiga! Sun kashe tela!"

Gabana ya faɗi. Tela mutumin kirki, yanzun nan muke tare! Ban tsaya rufe shago ba, na faɗa ƙarƙashin tebur, na jawo turmin atamfa na lulluɓa. Daga baya aka gaya min koriya ce mai zanen ganye.

Ina nan kwance ina karanto duk addu'ar da na sani, sai na ji an ɗaga atamfar. Tela ne, da almakashi a hannu, jikinsa na ɓari. Na kusa suma.

"Ashe kana raye?"

"Wa ya mutu?"

"An ce an kashe tela!"

"Wane telan? Ni ma shi nake tambaya. An ce wani mai yadi ne ya gan su da idonsa."

Muka yi shiru muna kallon juna. A layin nan masu yadi muna da yawa, na kuma so a bar maganar a haka. Amma mai shayi, wanda ya ji komai ta cikin kunnensa, ya riga ya faɗi ƙasa don dariya a gaban jama'a.

Bayan la'asar dattawan kasuwa suka zauna. Babbansu ya dube ni ya ce, "Alhaji, da girmanka? Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, abin da na faɗa gaskiya ne. Su huɗu ne, kuma da bindiga."

"A ina?"

"A Bermuda."

"Ta wajen Mile Six?"

Aka kira ɗalibin jami'a ya yi bayani. Ya yi ƙoƙari, har ya kai inda zai ce ni a lokacin ciyawa ne, sai wani dattijo ya ce a tsaya a nan, wannan kuma aikin masu ruƙiyya ne. Wani ya ce ya kamata gwamnati ta hana wasan. Ɗalibin, maimakon ya yi shiru, sai ya ce ai Indiya ta hana shi a Fabrairun 2022. Shaidar da na kira kenan.

Na kare kaina iyakar iyawata. Na ce ni da abokan tawagata nake magana, ban aiki kowa ya saurara ba, kuma cikin duk waɗanda suka gudu babu wanda ya yi abin da haɗina bai koyar ba. Ba a karɓa ba. Aka yanke cewa zan biya tumatir kwando ɗaya, da gyaran ƙafar baro, da ƙwan da aka tattake, kuma kar a sake ganin iyafis a layin 'yan yadi. Da na haɗa lissafi, kuɗin ya isa in yi wa Wukong ɗinkin Sallah kala bakwai. Mai ƙwai ya ce kiret uku, ni ɓawon kiret biyu na ƙirga, har yau muna kai.

Haɗin ma ya mutu. Sunan Alhaji Ciyawa ya zaga har Sabon Gari da Magami, yara suka kwafi Tsira da Mutunci don tsokana, kuma yanzu duk yaron da ya haɗu da ni a gem, ganye ko na Allah ne sai ya zazzage masa harsashi. Ɗan yayata ya fice daga tawagar, ya ce ya gwammace ya koma cin abinci a gidan Bappansa.

Kwana biyu bayan haka Hajiya ta dawo da ƙanwarta. Na miƙa mata takalmin, na ba ta haƙuri, na jawo mata kujera. Ta zauna, ta nuna koriyar atamfar nan mai ganye.

"Nawa?"

Na faɗa mata.

"Haba Alhaji. Wadda ka kwanta a ciki? Ai ta zama gwanjo. Rabi zan biya."

Na ce albarka. Ta ce to bari ta je wurin dattawa, dama ba a sa kuɗin keken da ta hau zuwa gida babu takalmi a lissafi ba.

Na sallama.