Hadimin Magunan Santambul

Duk wanda ya ce maka Turkawa ne ke da Istanbul, a takarda ya gani. Mutum sama da miliyan 15 ke zaune a birnin, amma zaman haya suke yi. Masu garin na ainihi ƙafa huɗu gare su da gashin baki. Mage a kujerar tashar mota, mage a tagar kantin littattafai, mage ta miƙe ƙafa a kan na'urar da ake ɗora kati kafin a shiga jirgin ƙasa, manyan mutane masu kwat suna lallaɓa katinsu ta gefen cikinta don kada su tashe ta daga barci. Ni kuwa a gidan da na taso, in mage ta leƙo madafa, muciya ce ke amsa mata sallama.

Karatu ne ya kai ni, kuma tsakiyar hunturu na sauka. Na sami ɗaki a Kadikoy, a ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya, tare da wani ɗan Damagaram da ya daɗe a can har yana mafarki da Turkanci. Makonnin farko daga aji sai cikin bargo. Turkancina bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba, in an faɗi farashin kuma sai dai in miƙa tafin hannu da kuɗi mai kanti ya zaɓa.

"Malam, haka za ka ƙare?" in ji ɗan Damagaram wata rana. "Akwai mutanen unguwa da ke haɗuwa duk Asabar suna raba abinci ga masu kwana a titi. Aikin sa kai ne. Ga lada, ga koyon yare, ga sanin mutane."

Ya faɗi haka fuskarsa ko alamar murmushi babu. Allah ya isa tsakanina da wannan fuska.

Ranar Asabar na ciro farar shaddata mai aiki, wadda na tanada don sallah, na kafa hula, na fesa turare, na ɗora rigar sanyi a kai. Bayin Allah mabuƙata za a gana da su, bai kamata a je masu a wulaƙance ba. Na tarar da jama'ar a bayan masallacin unguwa, yawanci dattawan mata da 'yan makaranta. Shugabarsu wata gajeriyar tsohuwa ce da kowa ke kira Teyze, wato inna. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce wani abu mai tsawo, sannan ta danƙa mani buhu da ludayin roba.

Na leƙa buhun, sai ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu ruwan ƙasa, kamar an farfasa ƙuli-ƙuli. Ban karya kumallo ba, kuma ai mai rabo ba ya rasa ɗanɗano. Na ɗebi kaɗan na watsa a baki. Gishiri-gishiri, da ƙarnin kifi, da tauri mai gwada lafiyar haƙori. Na ce a raina kowace ƙasa da irin cimarta, ba a kushe abincin mutane a gabansu. Don ma su ga ban raina ba, na ƙara wani ɗiban, na gyaɗa kai. Wata ɗaliba ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Teyze ba ta ce uffan ba. Ta karɓi buhun ta girgiza shi sau ɗaya.

Sai ga su nan. Daga ƙarƙashin motoci, daga kan katanga, daga bayan kwandon shara, baƙaƙe da farare da masu dabbare-dabbare, jela a sama, suka zagaye mu suna jiran a yi masu hidima. Waɗannan su ne masu kwana a titi. Guduwa kuma ba ta taso ba, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa ba ladan kaɗai na ci ba, har tuwon kuturun na taɓa.

Kada mai karatu ya zaci wasa mutanen nan suke yi. Tun 2004 Turkiyya ke da dokar kare dabbobi, kuma ƙananan hukumomi na kama magunan titi su yi masu rigakafi da dandaƙa su mayar da su inda suka ɗauko su, da ɗan yanka a kunne don a gane wadda aka gama da ita. Mutanen unguwa kuma su ke da ci da sha da makwanci. Ranar nan na koyi haɗa ɗakin mage da kwali da leda, da yadda ake fasa ƙanƙarar da ta daskare a kwanon ruwa. A Kadikoy ɗin nan ma akwai mutum-mutumin tagulla na wata ƙatuwar mage mai suna Tombili, wadda ta yi suna saboda yadda take kishingiɗa a bakin titi ta ɗora hannu a dakali. Da ta mutu a 2016 dubban mutane suka sa hannu a takarda sai da aka ƙera shi. Ɓarayi suka sace, gari ya ɗauka, bayan kwana biyu suka dawo da shi da kansu. A wani wurin ko taransifoma aka sace ba a samun wannan haɗin kai.

Da aka tashi, na ce tunda na riga na yi ado, bari in je in ga gari. Na hau jirgin fito zuwa Eminonu, tafiyar kamar minti ashirin, ka bar Asiya ka sauka a Turai kafin shayin da ka saya a cikin jirgin ya huce. Na sayi simit, burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, don in kashe ƙarnin da ke bakina. Ina ɗaga shi in ɗauki hoto da hasumiyar Galata a baya, wani farin tsuntsun teku ya kawo sura ya wuce da rabi. Sauran fasinjoji ko a jikinsu, ashe su da gangan suke jefa wa tsuntsayen.

Daga Eminonu na bi taragon cikin gari zuwa Aya Sofiya. Ginin nan ya cancanci duk surutun da ake yi a kansa. An gama shi a shekarar 537 a matsayin coci zamanin sarki Justiniyan, ya koma masallaci da Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, gwamnatin Ataturk ta mai da shi gidan tarihi a 1934, aka sake buɗe shi don sallah a 2020. Ƙubbarsa ta haura mita 55, in ka ɗaga kai sai ka dafe hula. Amma duk sarakunan nan, wadda masu gadi suka fi ba da labarinta ita ce Gli, wata mage mai harara-garke da ta yi shekara 16 tana zaune a ciki, har Obama ya sunkuya ya shafa ta da ya zo a 2009.

Na fito fili tsakanin Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, na zauna a benci in huta. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne aljihun rigar sanyina, inda Teyze ta cusa mani ragowar abincin a leda. Mage ɗaya ta zo ta zauna a gabana. Ta biyu ta hau bencin. Kafin in ankara ɗaya na cinyata, ɗaya na ƙoƙarin shiga aljihu da kai, wata kuma ta miƙe tana gwada farcenta a aikin wuyan shaddata. Ina so in daka masu tsawa, ina tsoron idon jama'a. Sai wata tawagar 'yan yawon buɗe ido ta iso, mai yi masu jagora na ɗaga 'yar tuta yana nuna masu ginin shekara kusan 1,500, su kuwa duk sun juya masa baya sun saita wayoyinsu a kaina. Wani dattijo a cikinsu ya matso ya ajiye lira biyar a gefena, ya ɗan rusuna. Na karɓa. Kuɗin rabin simit ɗina ne Allah ya mayar.

Duk wannan somin-taɓi ne. Akwai wani ƙaton muzuru mai ido ɗaya a layinmu, na sa masa suna Mai Unguwa, don ba a fara ci sai ya ci. Ya yi rauni a ƙafa, aka ce a kai shi wurin likitan dabbobi, kuma da yake ni ne namiji mai tsawo a tawagarmu, aka miƙo mani akwati da tawul. Ɗalibar nan ta kwatanta mani: ka rufa masa tawul, ka kama ƙeya, ka zura shi. A bakinta abin bai kai minti ɗaya ba. Na rufa tawul, Mai Unguwa ya fito ta ƙarƙashi, ya bi hannuna ya haye kafaɗa, ya yi fatali da hulata, ya sa mani hannu a kunne da wuya, sannan ya sauka ya shiga akwatin da ƙafarsa ya kwanta.

Teyze ta taho da gudu tana salati. Na miƙa mata hannuna da ke zubar da jini. Ta wuce ni ta durƙusa gaban akwatin.

"Ɗana," ta ce, ɗalibar na fassarawa, "ka tsorata shi."

Shi aka kai a motar haya. Ni na bi motar bas zuwa asibiti, inda aka wanke ciwon aka fara mani allurar rigakafin cizon mahaukacin kare, wadda ba a gamawa rana ɗaya, sai an yi ta komawa. Da dare Hajiyarmu ta kira ta bidiyo, ta ga filasta a kunnena.

"Kai kuma faɗa ka fara a ƙasar mutane?"

"A'a Hajiya, aikin lada ne. Mage muke ciyarwa."

Ta yi shiru, sannan ta juya tana kiran ƙannena: "Ku zo ku ji, ashe kiwon kyanwa muka sayar da fili muka tura shi."

Sai dai tun daga ranar unguwa ta san da zamana. Mai gidan burodi, wanda da ko kallona ba ya yi, yanzu sai ya tsayar da ni ya duba kunnen, ya sa a kawo shayi a ɗan kofin gilashi. Mai aski ya ba ni labarin tabon da ke goshinsa, ashe shi ma aikin Mai Unguwa ne. Turkancina ya buɗe, ko da yake ta gefe ɗaya: na iya cewa gudawa, ƙuma, allura da ciki na wata biyu, amma har yanzu ɗan Damagaram ke raka ni banki. Shaddar kuwa ta zama shimfiɗa a ɗaya daga cikin ɗakunan kwalin, kuma Teyze ta ce ba su taɓa samun yadi mai kyanta ba.

Idan Allah ya kawo ka Kadikoy ranar Asabar da hantsi, ka zagayo bayan masallacin unguwa. Ka sa tsofaffin kaya, ka karya kumallo tun daga gida. Buhun kilo 15 ne, kuma har yanzu ni kaɗai ke ɗauka.