Wasiƙar Maƙerin Kaboyi

Zuwa ga taubashina,

Saƙonka ya iso, har da nacin kuɗin shara, wanda za mu zo kansa in takarda ta rage.

Ka ce zance ya zaga unguwa wai na zama injiniyan makamai a Amurka, har Kawu ya fara gyara zama a majalisa in an ambace ni. To, rufa mini asiri, maƙeri ne ni. Ni da na gudu daga zugazugin Kawu, na sha layin biza, na ƙetare teku, ga ni yau a wani ƙaramin gari a yammacin Teksas, magagari a hannu tun safe har la'asar. Bambancin kawai, a nan akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba mai dungure mini ƙeya.

Maigidana wani tsoho ne mai gashin baki har ya rufe masa leɓe. Shagonsa na da lasisin gwamnati, kuma ba ya taɓa kowace irin bindiga sai libarbar kaboyi, irin wadda muke gani a sinima lokacin da muke satar jiki bayan isha'i. Asalinta ƙirar kamfanin Colt ce, wadda sojan Amurka suka fara riƙewa a 1873. Ganga gare ta mai ɗaki shida. Kafin kowane harbi sai ka ja gudumar baya da babban yatsa, ganga ta juyo da ɗaki ɗaya saitin bututu, sannan kunama ta yi aiki. In ba ka ɗana ba, ko ka matsa kunama har yatsanka ya yi kanta, ba abin da zai tashi. Colt sun daina ƙera ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna ganin yayinta ya wuce, sai finafinan kaboyi na talabijin suka tayar wa jama'a da tsumi, dole suka koma mata a 1956. Yanzu kamfanin Ruger na yin irin tasu, Italiyawa ma, su Uberti da Pietta, suna ƙera kwaikwayonta suna turowa. Kaboyi da yawa a nan, bindigar da yake tinƙaho da ita daga Italiya ta zo, amma ba a faɗa masa a gaban mutane.

Kuma ka daina gaskata fim. Jarumin da muke yi wa tafi yana sakin harsashi ashirin bai sake ɗuri ba, ashe ƙaryar banza ce. Tsohuwar ƙirar ma biyar ake zuba mata, a bar guduma ta kwanta a kan ɗakin da ba kowa, don in ta faɗi ƙasa da harsashi a ƙarƙashin guduma tana iya tashi da kanta, ba ruwanta da ƙafar wa ta samu. Sai a 1973 Ruger suka sa wa tasu wani ɗan ƙarfe a tsakani da ke hana hakan.

Masu kawo mana aiki kuwa, ba ɗaya da ya taɓa kiwon ko akuya. Lauyoyi ne da likitoci da 'yan fansho. Suna da ƙungiya, SASS, tun 1987, kuma dokarta kowa sai ya zaɓi laƙabi ya sa tufafin mutanen da. Ranar Asabar za ka ga dattijo mai jikoki ya ɗora malafa, ya sa takalmi mai ƙaimi alhali ba doki, yana harbin farantan ƙarfe ana duba masa agogo. In an tashi ya shiga motarsa mai sanyi ya tafi shan maganin hawan jini.

Abin da ke cinye kuɗinsu shi ne kwalliya. Yadda masu sarauta ke shirya doki ranar hawan Sallah, haka suke shirya wannan ƙarfe, kuma kamar dokin, kayan jikinta kan fi ta tsada. Wani a canza masa ƙota zuwa itacen goro irin na Turawa, wani ƙahon barewa, wani ƙahon rago, wani ƙashin raƙumin dawa. Da can hauren giwa ne abin yayi, irin na ƙotar bindigar Janar Patton na sojan Amurka, amma tun 2016 gwamnati ta kusa rufe cinikinsa gaba ɗaya. Akwai masu son a zana musu furanni a jikin ƙarfe. Wanda ya fi burge ni shi ne rinin wuta: a cusa ƙarfen cikin tukunyar ƙarfe da gawayin itace da na ƙashi, a gasa shi sama da digiri 700, a juye cikin ruwan sanyi, ya fito da shuɗi da toka da ruwan ƙasa a cakuɗe, kuma ba guda biyu da ke fitowa iri ɗaya. Ka gaya wa Inna ta daina jefa wa karnuka ƙashin miya, a nan a buhu ake sayen sa.

Bari in ba ka labarin wani likitan haƙori. Ya shigo da tasa a naɗe cikin tawul, fuska a murtuke, ya ce kamfani sun cuce shi. Ganga tana wuce wurin tsayawarta, ɓarɓashin dalma na feshin mutanen da ke gefensa, kuma duk harbinsa ƙasa yake sauka ta hagu. Tsoho bai ce uffan ba. Ya buɗe ƙofar ɗuri ya leƙa ɗakuna shida ɗaya bayan ɗaya, don a shagon nan ko uwarka ce ta rantse babu harsashi sai ka duba. Sannan ya kai ta kusa da kunne ya ja guduma a hankali. Lafiyayya ƙas huɗu take yi. Wannan ta yi uku da wani ɗan gurnani.

Ya dubi likita ya ce, "Ka yi mata irin na fim ko?" Wato a danne kunama a riƙa maƙe guduma da tafin hannu da sauri. Likita ya hau kallon silin.

Ga yadda abin yake, ko da yake na san kanka ba ya ɗaukar abin da ya wuce lissafin kuɗin cefane. A ciki akwai ɗan yatsan ƙarfe mai tura ganga, akwai kuma sakata da ke tasowa daga ƙasa ta faɗa cikin ɗan rami ta tsayar da ita daidai bakin bututu. Dole su biyun su san lokacin juna. In sakata ta yi gaggawa, sai ta ja zobe a jikin ganga ta ɓata rini. In ta makara, ganga ta wuce, harsashi ya goga gefen bututu ya yi feshi. Marin da likita yake yi mata ya cinye bakin ramukan, ya gajiyar da ɗan siririn sifirin da ke tura sakata. Da muka kwance sai muka tarar ya riga mu shiga. Kan kowane noti a tauye yake, don da sukudireban kicin ya murɗe su, kuma ya goge ƙugiyar kunama da abin wanke haƙori na asibitinsa, wai don ta yi laushi. Ta yi laushin kuwa, har tsoho ya tura guduma da yatsa ta faɗi ba wanda ya taɓa kunama. Nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce ba za ta bar shagon ba sai an sa sabuwar kunama da guduma, kuma ba zai sassauta ta ƙasa da nauyin fam 3 ba, ko likita zai yi birgima.

Aikin daidaitawa ni aka bar wa. Sabon ƙarfe da ɗan ƙiba yake zuwa, sai ka shafa masa baƙin alƙalami, ka haɗa, ka ɗana, ka kwance, ka ga inda ya goge, ka shafa dutse sau biyu, ka sake haɗawa. Haka za ka wuni. Tazarar da ke tsakanin ganga da bututu ma ba ta fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Tsoho kullum faɗarsa, ƙarfen da ka cire ba ya dawowa. Na ce masa Kawu ya riga shi faɗa, sai dai shi Kawu da mari yake haɗawa.

Saura zancen harbi ƙasa ta hagu. Irin wannan bindiga saitinta a kafe yake. In tana harbi ƙasa, tsinin gaba ake ragewa da magagari kaɗan-kaɗan, in gefe take bi, bututun ake ɗan murɗawa. Likita ya dage a yi duka biyun. Tsoho ya ce a bari tukuna. Muka je filin gwaji, ya ɗora hannu a kan buhun yashi, ya saki biyar daga yadi 25, duk suka taru a tsakiya wuri ɗaya. Ya miƙa wa likita. Kafin ta tashi mutumin ya runtse ido ya fizgi kunama, ƙura ta tashi can gaban allo. Tsoho ya ce wannan gyaran ba na magagari ba ne, amma yana koyarwa ranar Laraba, kuɗin daban.

Kada ka soma cewa in aiko maka da guda. A gida libarba ba abin da ake ba kowa lasisinsa ba ne, ni kuma ban shirya kai maka tuwo gidan yari ba. Kai da ko danƙon harbin tsuntsu ka ja sai an nemi mai ɗori.

Yanzu ga aike. Likitan nan ya ga jakar fata da Inna ta ba ni, ya rikice, yana son kube mai irin wannan ado. Na sa zanen girmansa a takarda cikin ambulan. Ka kai wa dukawa a Kurmi, a yi jikin da ƙirgi mai kauri, a yi ado da jar fatar akuya. In baduku ya tambaya kuben mene ne, ka ce na tocilan ne. Ka yi ciniki kamar kuɗinka ne, kada ka ce daga Amurka. Abin da ya yi saura shi ne kuɗin sharanka, saboda haka ya rage naka.

Ka gaida Kawu, amma ka bar shi a kan injiniya.

Naka,
Ubangidanka na Teksas