Jinjina Ga Masu Mai Da Raɗa Shela

Allah ya ja zamanin manyanmu, gagara-badan ƙasa, bango madafar bayi, masu kunnen da ke jin tafiyar tururuwa daga fadar Abuja, waɗanda Allah ya hore wa baiwar da ta gagari sanƙira da maroƙi: su tsinci maganar da ba wanda ya ji, su raine ta har ta zama karin magana a bakin ƙasa baki ɗaya.

A dubi abin al'ajabin 2022. A watan Yuni wani ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke Dutse ya sa hoton uwargidan shugaban ƙasa, Hajiya Aisha Buhari, a Twitter, ya rubuta cewa su Mama an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. Wata biyar maganar tana kwance inda ya yar da ita, marainiya, ba mai leƙa ta. Da a hannun ƙananan mutane take, da nan za ta ƙare. Amma manya ba sa barin magana ta mutu a wulaƙance. A watan Nuwamba jami'an tsaro suka yi tattaki takanas har Dutse, suka ɗauko yaron zuwa Abuja, aka gurfanar da shi, aka sauke shi a gidan yarin Suleja. Nan take jumlar ta yi fiffike. Ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta ɗauka, Amnesty ta ɗauka, jaridun ƙasashen waje suka fassara ta don kada Bature ma a bar shi a baya. Sai a farkon Disamba, bayan an tabbatar ba sauran wanda bai haddace ta ba, aka janye ƙarar cikin halin dattako da yafiya irin ta iyaye. Wane kamfanin talla ne zai kai magana daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa teburin mai shayi a garin Tsiga na jihar Katsina cikin mako uku, kuma kyauta?

Kano, tumbin giwa, ba ta yarda a riga ta ba. A wannan Nuwambar dai kotu ta karrama wasu matasa biyu 'yan TikTok da bulala 20 kowannensu, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda sun yi barkwanci da Gwamna Ganduje. Albarkacin wannan hukunci, waɗanda ba su taɓa jin sunan yaran ba suka bazama neman bidiyon. A 2021 kuwa, da Twitter ta goge wani rubutun Shugaba Buhari, aka rufe ta wata bakwai, matasa suka koyi VPN cikin dare ɗaya, ilimin kwamfuta da makarantun gwamnati suka yi shekaru ba su koyar ba.

Mahassada, da yake ba a rasa su, suna ta gunaguni a Tsiga. Wai idan ana iya bin sawun waya guda tun daga Abuja har cikin makaranta a Jigawa, me ya hana a bi sawun wayar da ake cinikin kuɗin fansa da ita? Wai ga 'yan bindiga nan a TikTok, fuska a buɗe, suna baje damman kuɗi. Wai a Fabrairun 2025 an shiga garin nan na Tsiga an ɗauke Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, daga gidansa, ya yi kusan wata biyu a daji.

Wannan rashin fahimta ne tsantsa. Ɗan bindiga yaro ne mai tarbiyya, ya san girman na gaba. Shanun noma yake korawa, haraji yake sa wa manomi kafin ya bar shi ya cire masararsa, mutane yake kwashewa da daddare, amma ba a taɓa jin ya ce wata babbar mace ta ƙoshi ba. Ta yaya hukuma mai sanin ya kamata za ta bar gagarumin laifi irin na baƙar magana ta tsaya ɓata lokaci kan waɗannan 'yan kurakurai?

Kuma ƙarya ne a ce ba a yi wa yankin nan komai ba kan batun waya. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Bakori da Funtua da Malumfashi. Hikima kan hikima! Manomi ya huta da kiran neman agaji, ɗan kasuwar hatsi ya huta da tambayar farashi, kunnuwan manya suka huta da koke.

Manomin Tsiga da ke marmarin ganin motar jami'an tsaro a ƙofar gidansa kafin gari ya waye, ba sai ya wahalar da kansa da kai rahoton hari ba. Ya ari waya a wurin ɗansa, ya nemi hoton wani babba, ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashi.