Yadda Komandan Ya Sauka a Abala

Hereditary fim ne na ban tsoro da Ari Aster, ɗan Amurka, ya rubuta kuma ya ba da umarni. Ya fito a 2018, shi ne dogon fim ɗinsa na farko, tsawonsa minti 127. An kashe masa kimanin dalar Amurka miliyan 10, ya dawo da sama da miliyan 80. Ba irin finafinan nan ba ne da dodo ke faɗo wa mutum daga bayan ƙyaure. A hankali yake cin mai kallo, da shiru da jira da fuskokin mutanen da baƙin ciki ya hana su magana da juna.

Labarin gida ɗaya ne mai mutum huɗu. Uwar gidan, Annie, wadda Toni Collette ta fito a matsayinta, ta binne mahaifiyarta, tsohuwa mai yawan sirri. Tana da miji, da ɗa saurayi mai suna Peter, da 'ya mai shekara 13, Charlie, yarinyar da ba ta dariya, wadda ke da ɗabi'ar buga harshe ya ce ƙwal. Wata rana Peter ya je da ita wurin shagalin abokansa, ta ci abin da jikinta ba ya karɓa, numfashinta ya sarƙe. Yana gudu da ita asibiti a mota, ta leƙo da kai ta taga tana neman iska, ya kauce wa mushen dabba a hanya, turken waya ya fille mata kai. Yaron ya koma gida, ya ajiye motar, ya kwanta bai faɗa wa kowa ba. Da safe uwar ta gani da idonta. Daga nan gidan ya fara ruɓewa, har aka gano cewa tsohuwar da ta mutu shugabar wata ƙungiya ce mai bautar wani sarkin aljanu, Paimon, wanda sunansa ya fito a littattafan tsafin Turai na ƙarni na 17, kuma jikin namiji yake nema a zuriyar.

A Amurka da Turai an yaba wa fim ɗin ƙwarai, wasu ma sun jera shi da The Exorcist na 1973. Sai dai tsoro ba ya tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa yadda ya taso. Wanda zai kai labarin iska mai bin zuriya ƙasar Kurfai ya kamata ya fara sanin inda zai sauke kayansa.

A wannan ƙasar, a garin Shikal kusa da Filinge, a 1925 wasu sababbin iskoki suka bayyana a kan wata mata mai suna Shibo. Ba su yi kama da iskokin bori da aka saba da su ba. Sojoji ne da hafsoshi da gwamnoni, suna sara wa juna, suna tafiya a sandare, kumfa na fita a bakinsu, suna wasa da wuta, suna ba da oda da wani irin Faransanci nasu. Ana ce da su Babule, ko Hauka. Mabiyansu suka bijire wa sarkin Filinge na lokacin, Gado Namalaya, da Turawan da suka tsaya masa. Komandan na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su aka kulle, kuma ladan da ya samu shi ne shi kansa ya zama iska a cikinsu, ana kiransa Komandan Mugu. 'Yan ci-rani suka tafi da iskokin har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki bikinsu a wajen Akra, ya yi fim ɗin Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Paris a 1955 hankalin masu kallo ya tashi, har wasu manyan masana suka ce a lalata shi. Wato Kurfai ta riga ta tsorata Turawa a majigi fiye da shekara 60 kafin Ari Aster ya fito da nasa.

Mai wannan rubutu ya san wannan tarihin sarai, don yakan koyar da shi. Duk da haka ya zo hutu Abala, a nan ƙasar Kurfai, daga Yamai da fim ɗin a kwamfutarsa, mai fassarar Faransanci, yana ta cika baki cewa ya kawo abin da zai hana gidan barci. Bayan isha'i aka kori yara, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ɗora kwamfutar a kan kifaffen turmi. Masu kallo su ne gwaggonsa, da matan gida, da ƙanensa wanda ya yi karatun addini ake ce masa ustazu, da wasu samarin maƙwabta. Mai rubutun ne tafinta.

Tun a jana'izar farko aka fara samun saɓani tsakanin fim da masu kallo. Gwaggo ta tambaya kwana nawa gawar ta yi ba a rufe ta ba, da wa ya ba mace izinin tsayawa gaban jama'a tana faɗin halin uwarta. Da aka dawo gida daga maƙabarta ta ga mutum huɗu kacal a ƙaton gida, sai ta gyara zama.

"Ɗan nan, ina dangi?"

"Gwaggo, haka suke a can."

"Ba zaman makoki? Ba sadakar uku? Wa ya kawo musu abinci?"

Babu wanda ya kawo. Da Annie ta ce wa mijinta za ta je kallon fim, alhali wurin wasu baƙi za ta je, su zauna a kan kujeru kowa ya faɗi mutuwar da aka yi masa, sai matan gida suka yi salati a tare. Wannan ne karon farko da fim ɗin ya girgiza su, kuma babu aljani a wurin. Mutuwar Charlie ta sa kowa ya yi tsit. Amma abin da aka daɗe ana juyawa shi ne yaron da ya kwana da wannan abu a cikinsa, babu kawu, babu kaka, babu ɗakin maƙwabci da zai faɗa.

A nan masu kallon Abala sun fi wasu masu sharhi fahimtar fim ɗin. Ari Aster da kansa ya sha bayyana shi a matsayin labarin iyali da masifa ta faɗa wa kafin ya zama na tsoro, kuma ƙarfinsa na rabin farko ne, musamman wurin cin abincin dare inda uwa ta zazzage wa ɗanta abin da ke ranta. Makokin Hausawa bai bar wa mutum wannan kaɗaicin ba. Ana rufe gawa a ranar, gida ya cika, a yi ta amsa gaisuwa har murya ta dushe, sadakar uku ta zo, ta bakwai ta zo, ta arba'in ta zo. Mai baƙin ciki yakan gaji da mutane, amma da wuya ya samu sararin zama shi kaɗai da bango.

Shi kuwa Paimon bai samu karɓuwa ba. Da aka fara kiran ruhu da kofi da kyandir, gwaggo ta ce wannan aikin 'yan koyo ne. A ganinta matsalar a fili take: iskar gado ce, tsohuwa ta mutu ba ta gabatar da ita ga magada ba, ba a yi girka ba, ba a yanka mata abin da take so ba, dole ta yi ɓarna. Ustazu ya ce shirka ce daga farko har ƙarshe, da sun yi ruƙiyya da an huta. Suka ɗauki gardama, fim na tafiya, babu mai sauraron tafinta. Hakan ya yi wa tafinta daɗi, domin tun wurin da aka hango Annie manne a kusurwar rufin ɗaki bakinsa ya bushe, fassararsa ta koma "to, kun dai gani". Da aka gama, mata suka naɗe tabarmi suna hamma. Wata ta ce na Indiya ya fi, aƙalla ana rawa.

Abin da ya biyo baya yana da bayani mai sauƙi. Tsaka na da wani ɗan kuka da take yi da dare daga jikin bango, kuma ga kunnen da ya kwashe awa biyu yana jin Charlie, babu bambanci. Mai wannan rubutu yana cikin ɗaki yana goge baki, buroshi a hannun dama, tocila a hagu, sai ya ji ƙwal daga sama. Ya haska. A kusurwa ga wani abu fari, dogo, ba kai. Babbar rigarsa ce da ya rataye da hannunsa da la'asar, amma wannan bayani bai iso ba sai daga baya. Ya yi waje, ya haɗu da turmin da aka kifa, gwiwa ta sage, igiyar akuya ta harɗe ɗaya ƙafar. Ya miƙe yana jan ƙafa a sandare, yana wulwula tocila, kumfar man goge baki na zuba har haɓa, yana kururuwar neman agaji. Kuma da yake shekarun lakwal da zaman Yamai sun yi aikinsu, da Faransanci ihun ya fito.

A lokacin Abala na cikin dokar ta-ɓacin da aka kafa a 2017, ihun dare ba abin wasa ba ne, don haka kafin ya haɗiye kumfar maƙwabta sun cika gidan. Gwaggo ta dube shi sau ɗaya: kumfa, tafiyar soja, wuta a hannu, yaren Nasara. Ta durƙusa.

"Sannu da sauka, Komandan. Me aka yi maka?"

Ya yi ƙoƙarin bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, yana nuna ɗaki yana cewa tsaka. Aka fahimci Komandan na ƙorafin ƙazantar masauki. Samari huɗu suka danne shi. Ustazu ya kama kunnensa na dama yana karatu da ƙarfi, gwaggo a na hagu tana ba da haƙuri, tana cewa yaro ne, bai san abin da ya ɗauko daga Yamai ba. Duk lokacin da ya ce lafiyarsa lau, sai ustazu ya ce haka suke cewa. Wata maƙwabciya ta kawo garwashi a kasko ta zuba turaren iska, hayaƙin ya shige masa hanci, ya yi atishawa mai ƙarfi. A bori atishawa ce alamar iska ta bar dokinta. Aka sake shi, kowane ɓangare na cewa maganinsa ne ya ci.

Da safe ya kai mutane ɗakin ya nuna rigar, ya nuna tsakar tana nan a bango. Gwaggo ta ce ai dole iska ta samu abin da za ta shigo ta cikinsa. An hana kwamfutar kwana a ɗaki, an mayar da ita rumbu har ƙarshen hutu. Ya sha rubutu na mako guda bisa umarnin ustazu, ya kuma sayi jan zakara bisa umarnin gwaggo, wanda aka ci da tuwo ba a ba shi ko fiffike ba, wai mai jinya ba ya cin abin sadakarsa. Har yau idan ya sauka a tashar Abala, yaran unguwar kan ƙame su sara masa.